Rijiya ta ba da ruwa, sashe na 6(6)(c) ya hana

A watan Maris na 2023, ana saura wata biyu ya sauka daga mulki, Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kan gyare-gyare 16 da aka yi wa kundin tsarin mulkin Najeriya. An fi yayata waɗanda suka ba jihohi dama a kan lantarki da jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali, amma cikinsu har da wanda ya umarci gwamnati ta karkata manufofinta wajen tabbatar da haƙƙin samun abinci. Jin wannan, mutum zai ɗauka talakan da yunwa ta sa gaba ya samu takardar zuwa kotu. Bai samu ba. An ajiye haƙƙin ne a Babi na 2, kuma duk abin da ya shiga wannan babi ya shiga ɗakin da aka hana alƙali leƙawa.

Don haka nake ganin mai son sanin haƙƙinsa a wannan kundi ya fara da tambayar a wane babi aka rubuta shi, kafin ya kula da daɗin kalmomin. Kundin na 1999, wanda gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa da dokar soja mai lamba 24, ya fara aiki ranar 29 ga Mayu, yana da babi 8 da sashe 320 da rataye 7. Babi na 1 (sashe na 1 zuwa 12) shi ne tushe: fifikon kundin a kan kowace doka, rabon iko, da hanyar gyara. Babi na 2 (13 zuwa 24) manufofin ƙasa ne. Na 3 yana magana a kan wane ne ɗan ƙasa. Na 4 (33 zuwa 46) shi ne na muhimman haƙƙoƙin ɗan Adam. Daga sashe na 47 har ƙarshe kuwa, kusan duka zancen kujeru ne: majalisa, ɓangaren zartarwa, kotuna, Abuja. Sashe 14 kacal aka ware wa haƙƙoƙin da mutum zai iya kai ƙara a kansu.

Babi na 2 ya fi kowane babi daɗin karatu. Sashe na 14(2)(b) ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 16 ya ambaci muhalli da abinci da albashin da zai riƙe mutum da kula da tsofaffi da naƙasassu. Sashe na 17 ya kawo asibiti da magani. Sashe na 18(3) ya yi alƙawarin ilimi kyauta tun daga firamare har jami'a, sai dai ya liƙa masa sharaɗin "a lokacin da hali ya yi". Sashe na 13 ma ya ɗora wa duk mai riƙe da iko, har da alƙalai, nauyin bin waɗannan manufofi. Sai mai karatu ya waiwaya baya zuwa sashe na 6, wanda ya damƙa ikon shari'a ga kotuna, ya iske ƙaramin sashe na 6(6)(c) yana cewa wannan iko bai kai ga tambayar ko wani aiki na hukuma, ko wata doka, ya dace da Babi na 2 ba, sai fa inda kundin da kansa ya faɗi akasin haka. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Kotu ta daɗe da fassara wannan. A 1980, lokacin da gwamnatin Lateef Jakande ta nemi rufe makarantun firamare masu zaman kansu a Legas, Akbishop Anthony Olubunmi Okogie ya kai ƙara, magana ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara. Mai shari'a Mamman Nasir, shugaban kotun a lokacin, ya bayyana cewa babu kotun da ke da hurumin auna gwamnati da ma'aunin Babi na 2, mai tsaron wannan babi majalisa ce ko masu jefa ƙuri'a. Ma'ana, wanda aka hana ɗansa makaranta ya jira shekara huɗu ya rama a akwatin zaɓe. Yaron da ya kai shekara shida ba ya tsayawa yana jiran zaɓe.

Ba kuskuren alƙalami ba ne, da gangan aka tsara haka. Kwamitin mutum 49 da Janar Murtala Muhammad ya kafa a 1975 ƙarƙashin Rotimi Williams shi ya aro wannan salo daga Indiya, wadda ita ma ta aro daga kundin Ayilan na 1937. An yi gardama a kai tun a lokacin. Dakta Yusufu Bala Usman da Dakta Segun Osoba sun ƙi bin ra'ayin masu rinjaye, suka rubuta nasu rahoton da nasu daftarin a 1976, inda suka nemi ilimi da lafiya da aikin yi su zama haƙƙoƙi na gaske. Gwamnatin soja ta yi watsi da shi. Tsarin masu rinjaye ya shiga kundin 1979, daga can aka kwafo shi zuwa na 1999 kusan kalma da kalma. Wani abin takaici kuma, wannan kundi da ya ƙi tabbatar wa yaro makaranta shi ne ya gindaya shaidar kammala sakandare ko makamanciyarta ga mai neman kujerar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa, kuma wannan sharaɗin kam kotu na sauraron ƙara a kansa kowace kakar zaɓe.

Babi na 4 dabam yake, domin yana da haƙora. Asalinsa hukumar Willink ce ta 1957 zuwa 1958, wadda ta binciki fargabar ƙananan ƙabilu kafin samun 'yancin kai, ta ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin mutum a kundi maimakon a ƙirƙiro sababbin jihohi. Ya ƙunshi rai (33), mutunci da haramcin azabtarwa (34), 'yancin kai daga tsarewa (35), shari'ar adalci (36), sirri (37), addini (38), faɗin albarkacin baki (39), taro da ƙungiya (40), zirga-zirga (41), hana wariya (42), da mallakar dukiya (43 da 44).

Sashe na 35 ne ya kamata kowane magidanci ya haddace, saboda shi ne ke da lissafi ƙarara. Wanda aka kama yana da damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Idan akwai kotun da ke da hurumi a tsakanin kilomita 40, a gurfanar da shi cikin kwana ɗaya, idan babu, kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace. In an yi wata biyu yana tsare ba a yi masa shari'a ba, a sake shi, da sharaɗi ko babu. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba kuma yana da haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a. Sashe na 36 ya ƙara da cewa mutum ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, tafinta kyauta ne ga wanda ba ya jin harshen kotu, kuma ba a hukunta kowa da laifin da ba a rubuta shi da hukuncinsa a cikin doka ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta zo ta cike wasu guraben: ta haramta kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki, ta kuma umarci majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata yana duba waɗanda ke tsare.

Ƙofar shiga ita ce sashe na 46. Duk wanda aka take masa haƙƙi, ko ake cikin takewa, ko ake shirin takewa, yana iya zuwa Babbar Kotu a jihar da abin ya faru. Ƙa'idojin da Babban Jojin Najeriya Idris Legbo Kutigi ya fitar a 2009 sun sauƙaƙa hanyar ƙwarai. A da sai an fara neman izinin kotu, kuma in shekara ta wuce an makara. Yanzu ba neman izini, ba wa'adi. Takardu uku ake haɗawa da buƙatar: bayanin mai ƙara da abin da yake nema, takardar rantsuwa mai ɗauke da yadda abin ya faru, da rubutaccen jawabin hujjoji. In mutum yana tsare, ɗan'uwansa da ya san maganar zai iya yin rantsuwar a madadinsa, ƙungiya ma na iya shigar da ƙarar. Wanda ake ƙara yana da kwana 5 ya mayar da martani, kuma ƙa'ida ta ce a sa ranar sauraro cikin kwana 7. Inda rai ko 'yancin mutum ke cikin haɗari, alƙali na iya ba da umarnin wucin gadi tun kafin ya ji ɗaya ɓangaren.

Kuma yana aiki. A Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, ta tsallakar da shi Chadi da sunan ba ɗan ƙasa ba ne. Babbar Kotun Maiduguri ta rushe korar, ya dawo gida. Ranar 9 ga Maris 2020 aka tuɓe Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II aka kai shi jihar Nasarawa, ranar 13 ga wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ba da umarnin a sake shi, daga baya a 2021 ta yanke cewa korar ta saɓa wa kundi. Kwana huɗu ke nan tsakanin tsarewa da saki. Sai dai mu faɗi gaskiya, waɗannan mutane ne da manyan lauyoyi ke tsaye a kansu. Ga wanda ba shi da kowa, akwai ramuka huɗu a hanyar.

Na farko yana cikin sashe na 35 ɗin kansa. Ƙaramin sashe na 7 ya cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga waccan kariya ta wata biyu. To, fashi da makami da kisan kai suna cikin wannan rukuni, kuma rubuta su a takardar tuhuma ba ya cin komai sai tawada. Sai a kai mutum gaban majistare, wanda ba shi da hurumin sauraron irin wannan laifi, ya ba da umarnin a ajiye shi a gidan yari kafin shawarar ma'aikatar shari'a ta fito. Dokar 2015 ta ƙayyade wannan ajiya zuwa kwana 14 a karon farko, da sabuntawa mai iyaka, amma in fayil ya ɓace tsakanin 'yan sanda da ma'aikata, ba mai tuna ranar. Shi ya sa wajen mutum biyu cikin kowane uku da ke gidajen yarinmu jiran shari'a suke yi.

Na biyu kuskuren ƙofa ne. Dole asalin ƙarar ya zama take haƙƙi, ba wata rigima da aka yafa wa rigar haƙƙi ba. Sarkin Muri Alhaji Umaru Abba Tukur, wanda gwamnan soja Yohanna Madaki ya tuɓe a 1986, ya je Babbar Kotun Tarayya, Kotun Ƙoli ta ce a 1989 tushen maganar sarauta ce, wannan kotu ba ta da hurumi. Haka korar ma'aikaci ko rikicin gona, in aka shigar da su ta sashe na 46 sai a yi shekaru ana shari'a, a ƙarshe a ce a koma farko. Na uku sashe na 45 ne, wanda ya halatta dokar da ta taƙaita sirri da addini da magana da taro da zirga-zirga saboda tsaro ko zaman lafiya ko tarbiyya ko lafiyar jama'a. Taƙaitawar ba laifi ba ce, kowace ƙasa na da irinta. Abin lura shi ne sashen ya ce "doka", ba umarnin baki na kwamishina ko sanarwar rediyo ba, kuma da yawan abin da ake hana mutane da sunansa ba shi da wata rubutacciyar doka a bayansa.

Rami na huɗu shi ya fi ba ni haushi, domin yana zuwa ne bayan an yi nasara. Kotu ta ce a biya diyya, hukuma ta yi kunnen uwar shegu. Hanyar da ta rage ita ce a nemi kotu ta sa a cire kuɗin daga asusun hukumar. A nan sashe na 84 na dokar aiwatar da hukuncin kotu, tsohuwar doka tun ta zamanin Turawa, ya ce ba a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da amincewar Antoni Janar. Shi kuwa Antoni Janar sau da yawa shi ne lauyan wanda aka kayar. An ce wa mai bin bashi ya nemi izinin lauyan wanda yake bi. Sashe na 287 na kundi ya wajabta wa kowace hukuma bin hukuncin kotu, don haka ban ga dalilin da wannan sashe na 84 zai ci gaba da zama a kan diyyar take haƙƙi ba. Soke shi ba ya buƙatar gyaran kundi, doka ce ta yau da kullum da rinjaye kaɗan ya isa.

Mu koma Babi na 2, domin lauyoyi sun samo masa taga. Abu na 60(a) a jerin ikon da ya keɓanta ga tarayya ya ba Majalisar Ƙasa damar kafa hukumomin da za su tabbatar da manufofin wannan babi. A 2002, a ƙarar da jihar Ondo ta shigar tana ƙalubalantar dokar hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC, Kotun Ƙoli ta ce sashe na 15(5) mai umartar a kawar da cin hanci ya samu rai tunda majalisa ta yi doka a kansa. Da wannan mizani aka bi ta kan ilimi. Dokar ilimin matakin farko na bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta wajabta shekara 9 na karatu kyauta, ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Kotun ECOWAS ta yanke a 2010, a ƙarar ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta SERAP, cewa ilimi haƙƙi ne da ake iya ƙara a kansa ƙarƙashin yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam, wadda Najeriya ta mayar dokar gida tun 1983. A 2017 mai shari'a John Tsoho na Babbar Kotun Tarayya ya ce dokar UBE ta mayar da karatun firamare da ƙaramar sakandare haƙƙin da kotu za ta tilasta.

Taga dai ba ƙofa ba ce. Abin da majalisa ta bayar da doka tana iya karɓewa da doka. Kotun Ƙoli ta riga ta ce a shari'ar Abacha da Fawehinmi a 2000 yarjejeniyar Afirka tana ƙasa da kundi, don haka lauyan gwamnati kullum zai dawo da 6(6)(c). Sannan ita kanta dokar UBE a karkace take. Uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta, karon farko gargaɗi, na biyu tarar naira 2,000 ko wata ɗaya a kurkuku, na gaba naira 5,000 ko wata biyu. Jihar da ta ƙi ajiye nata rabin kuɗin da ake buƙata kafin ta karɓi kason tarayya fa? Ba abin da zai samu gwamnanta. Kuɗin sai su yi ta kwana a Abuja, biliyoyin naira, alhali yara na zaune a ƙasa a ajin da iska ta yaye rufinsa.

Masu kare tsarin yanzu suna da hujjar da ba a raina ta. Alƙali ba ya tara haraji, ba ya rubuta kasafi, in aka buɗe masa Babi na 2 gaba ɗaya za a wayi gari kowa na ƙarar gwamnati a kan gida da aiki da fansho, a tara hukunce-hukuncen da ba mai iya biya, kotu ta zubar da girmanta. Rubuta haƙƙi kuma ba ya gina aji. Kundin Nijar na 2010, a sashe na 12, ya lissafa lafiya da isasshen abinci da ruwan sha da ilimi a matsayin haƙƙin kowa, wannan bai cika rumbu a Maraɗi ba, sojoji ma suka dakatar da kundin a Yulin 2023. Na yarda da rabin wannan hujja, shi ya sa ba na goyon bayan a goge 6(6)(c) ɗungurum. Amma Afirka ta Kudu ta nuna akwai tsaka-tsaki: a 2002 kotun tsarin mulkinta ba ta rubuta wa gwamnati kasafi ba, ta dai ce hana mata masu juna biyu maganin da ke kare jariri daga cutar ƙanjamau a asibitocin gwamnati ba shi da hujja, ta umarci a bayar. Ita ma Indiya da muka kwafa ta gyara nata a 2002, ta ɗauke karatun yara 'yan shekara 6 zuwa 14 ta mayar cikin haƙƙoƙin da kotu ke tilastawa. Mun riƙe aron, mai kayan ya canza nasa.

Abin da nake ganin ya dace shi ne a zaɓi abu biyu da ake iya aunawa, karatun shekara 9 da kulawar gaggawa a asibiti har da haihuwa, a fitar da su daga ƙarƙashin 6(6)(c). An gwada makamancin haka a 2015. Majalisa ta bakwai ta sa ilimin matakin farko da kiwon lafiya na matakin farko da na masu juna biyu kyauta a Babi na 4, Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙi sa hannu a kan gyaran baki ɗaya. Cikin dalilansa akwai rashin shaidar an cika yawan ƙuri'un da sashe na 9(3) ya gindaya, da kuma cewa yadda aka rubuta haƙƙin ya ɗora nauyin har a kan makarantu da asibitoci masu zaman kansu. Duka biyun ana iya kauce musu, kuma a nan lissafin sashe na 9 yake da amfani. Gyara na yau da kullum yana buƙatar kashi biyu bisa uku na kowace majalisa, wato sanata 73 cikin 109 da wakili 240 cikin 360, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Taɓa Babi na 4, ko sashe na 8, ko shi kansa sashe na 9, yana buƙatar kashi huɗu bisa biyar: sanata 88 da wakili 288. Ana ƙirgawa ne da cikakken adadin kujeru, ko da wasu babu kowa a kansu, don haka wanda bai zo zama ba tamkar ya ce a'a ne.

Sashe na 6 da na 18 ba sa cikin waɗanda aka tsaurara. Kuma 6(6)(c) da bakinsa ya bar gurbi, tunda ya ce sai inda kundin ya faɗi akasin haka. Ke nan ba sai an je Babi na 4 ba. Ya isa a ƙara ƙaramin sashe a ƙarƙashin 18 da 17 mai cewa, duk da abin da 6(6)(c) ya tanada, karatun shekara 9 a makarantar gwamnati da kulawar gaggawa a asibitin gwamnati haƙƙi ne, Babbar Kotun jiha na da hurumin sauraron ƙara a kansu, iyaye ko ƙungiya na iya shigarwa. A cire "lokacin da hali ya yi" daga kan firamare da ƙaramar sakandare, a bar shi a kan jami'a. A fayyace cewa nauyin na gwamnati ne, kuma abin da kotu za ta bayar umarni ne na gyara cikin wa'adi, kamar tilasta wa jiha ta ajiye kasonta na UBE, ba diyyar kuɗi ga kowane mai ƙara ba. Bambancin hanyoyin biyu sanata 15 ne da wakili 48.